Madarar Sitirobari a Gidan Albasa

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Aliero da wuya ya ce bai ga Malam Waliyyu na Sabiyal ba. In ma idonsa bai gan shi ba, to, hancinsa ya gaisa da shi. Dogo ne siriri, mai furfura a gemu, kullum hularsa a ture take ta ƙeya. A aljihun gaba akwai wata 'yar wuƙa da ba ta rabuwa da shi: da ita yake yanke lawashi, da ita yake gyara farce, da ita yake nuna wa baƙo hanyar Danwarai. A gonar albasa ya yi rarrafe, a nan ya yi wayo. Ya je makarantar allo ya samo abin salla, daga nan ubansa ya ce sauran karatun a ƙarasa shi a fadama. Tun daga zuba iri, dashe, ban ruwa, har cira da jibgewa a kan rudu, wato rumfar karan nan da ake ajiye albasa a jira ta yi tsada, babu inda za ka kama shi da kuskure.

Abu ɗaya ne kurum bai sani ba game da albasa: bai san tana da wari ba. Kuma ba laifinsa ba ne. Gidansa rudu a tsakar gida, gabu, wato lawashin da ake busarwa, a shanye a kan rufi, irin baɗi a rataye cikin ɗakin da akwatin tufafinsa yake, randa kuma a gindin rudu saboda nan ne inuwa. Matarsa A'i 'yar manoman albasa ce, maƙwabta duk haka suke. Hancin mutanen unguwar ya daɗe da ajiye aiki, ba wanda ya lura. Duk lokacin da Waliyyu ya shiga motar Jega, sai ya ga na kusa da shi ya sauke gilashi ya tura kai waje, shi kuwa sai tausayi ya kama shi. Yakan dawo ya ba da labari a majalisa: "Mutanen birni ba su da lahiyar ciki, mota kaɗan sai tashin zuciya." Akwai wani bawan Allah mai farin tabarau da ya taɓa miƙa wa rabin albasa ya shaƙa don zuciyar ta kwanta. Mutumin ya sauka tun kafin a iso gari.

Waliyyu ba ya cikin masu kukan rashi. Yana da gona, yana da injin ban ruwa, ana sauraronsa in ana maganar farashi. Abin da ke cin ransa ƙarami ne a idon wasu, amma shi ya san zafinsa. Kowace la'asar a majalisar ƙofar gidan abokinsa Tamu, jikokin Tamu sukan zo su haye masa wuya, su ja gemu, su fizge hula su ruga, sai ya fanshe ta da alewa. Tamu ya yi ta ihun ƙarya yana cewa za a kashe shi, yana satar kallon Waliyyu. Hular Waliyyu kuwa tana nan daram, ba wanda ya taɓa taɓa ta sai iska. Ɗa guda Allah ya bar masa, Bilyaminu, wanda saboda ɗan fari ne ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "wancan na Jos". Can yake aiki, can ya yi aure, can aka haifi Fadila. A waya kawai suka san juna, kuma a waya sun shaƙu ƙwarai. Takan ce masa, "Tsoho, ranar da na zo sai na ƙwace hular nan." Shi kuma ya ce ta gwada ta gani. Waya dai ba ta ɗaukar wari.

Da aka yi hutun makaranta, Bilyaminu ya sako matarsa Bushira da yarinyar a mota, ya ce su yi hutun duka a Sabiyal. Ranar zuwansu Waliyyu ya buɗe akwati ya ciro babbar rigar da ta shekara tana maƙwabtaka da irin albasa, ya sa sabuwar hula, ya cika aljihu da alewa, ya tsaya a ƙofar gida daidai inda majalisa za ta gan shi. Fadila ta diro daga mota da gudu, hannuwa a buɗe, tana kiran "Tsoho! Tsoho!" Tana isowa kusa sai ta ja birki. Ta toshe hanci da yatsu, ta koma da baya ta ɓuya a zanen uwarta.

"Mama, Kaka yana wari."

Tamu, wanda ya ji sarai, ya karkato kunne.

"Mi tac ce, Waliyyu?"

"Ba ni jin Hausar Jos," in ji Waliyyu, ya juya ya shige zaure da alewarsa.

Abin bai tsaya nan ba. Yarinya ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, ta ƙi ruwan randa. Ba ta sa komai a baki sai biskit da wata madara mai ruwan hoda a cikin ƙananan kwalaye da uwar ta zo da su, wadda ake ce wa madarar sitirobari. In Waliyyu ya shigo ta wannan ƙofa, ta fita ta waccan. Da kwalayen suka ƙare, sai ta koma kuka da kwanciya, idanu suka faɗa. Bushira ta durƙusa gaban A'i, kai a ƙasa, ta ce ta yi waya da baban yarinyar, ya ce in ba ta fara cin abinci ba su kamo hanya ranar Juma'a. Labarin ya iske Waliyyu a zaure. Wato jikar da ya yi shekaru yana jira za ta koma ba ta ko zauna kusa da shi ba, balle hula. Ya ɗauki kwalin da aka yar, ya jujjuya shi, ya shinshina, ya kai shi majalisa.

Nan fa masana suka tashi. Tamu ya dubi hoton jan ɗan itacen da ke jikin kwali ya ce tumatir ne da ƙyanda ta kama. Wani ya ce shi ya ci irinsa a Makka, amma can fari ne. Wani ya ce a fara tambayar liman ko ya halatta. Ba ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin abin da ido, amma sai da aka kusa dambe kan ko a ƙasa yake fita ko a bisa itace. Waliyyu ya katse su.

"Madara ta, an sa mata ja. Ina abin wuya nan? Ni ka yin ta da hannuna."

Wannan mutum, tun da aka haife shi bai taɓa hura wuta a murhu ba. Ra'ayinsa a kan girki dai shi ne mata sun mai da shi babban abu don kada a gane ba komai ba ne.

Washegari ya hau kabu-kabu sai kasuwar Jega. Ya zaga da kwalinsa layi-layi har aka kwatanta masa rumfar Mas'ud, wani matashi mai sayar da kayan haɗa kek da lemon ƙullawa. Mas'ud ya ɗan ja kujerarsa baya, ya saurare shi da ladabi.

"Baba, ɗiyan itacen ba su isowa nan, zahi na lalata su bisa hanya. Amma ga hilebonsu cikin kwalba, ga kuma kala. Madarar shanu aka dahwawa, ta huce, a sa sukari. Wanga kau ɗigo kaɗan aka sawa, Baba. Ɗigo."

Waliyyu ya karɓi filebo ya ƙi kalar. Yana da buhun zoɓo a gida, me zai yi da jan kwalba?

Ya dawo ya doshi madafi kai tsaye. A'i ta tsaya da muciya a hannu tana kallon ikon Allah.

"Malam, mi kaka nema nan ciki? Wani abu ya ɓace?"

"Hita ki ba ni wuri. Yau ki ga yadda aka aiki."

Ya ga madara ɗanya ba abin shan mai hankali ba ce, don haka ya sayi nono wurin Hindu, Bafillatanar da ke kawo musu daga ruga. Ya ga kuma ɗigo rowa ce, jikarsa ta fi ƙarfin ɗigo, sai ya tuttula rabin kwalba. Ya kawo jiƙon zoɓo ya kwarara. Abin ya tsinke nan take, ruwa shuɗi-shuɗi a sama, gudaji a ƙasa, ƙamshi kuwa har zaure. A'i ta ɗauka ta kai wa akuya. Akuyar ta shinshina, ta ɗaga kai ta dube shi, ta koma cin ɓawon albasarta.

Ya ce laifin zoɓon ne, na bana ba shi da kyau. Ya aika aka karɓo kalar, ya sa Hindu ta kawo madara sabuwar tatsa. Wannan karon ya bi maganar Mas'ud tiryan-tiryan, ko da yake a majalisa ya ce shi ya gano hanyar. Ya dafa a tukunyar A'i, ya tace da rariyar A'i, ya motsa da ludayin A'i. Ya sa sukari, ya ɗiga filebo, ya ɗiga kala. Madara ta fito ruwan hoda sak irin ta jikin kwali. Ya sa aka sayo masa ƙanƙara daga Aliero, ya zaro 'yar wuƙarsa, ya goge ta a gefen riga don tsabta, ya shiga farfasawa yana jefawa ciki da yatsu.

Bushira tana bakin ƙofar ɗaki tana kallo. A duk gidan ita kaɗai ce babba mai hanci mai aiki. Ta ga wuƙa ta shiga ƙanƙara, ta ga yatsu sun shiga madara, ta buɗe baki, ta rufe. Ina matar ɗa za ta dubi surukinta ta gyara masa aiki? Ko gaisuwa daga bayan labule take yi. Ta ja gyale ta rufe rabin fuska ta zuba wa sarautar Allah ido.

Kafin a kai wa mai shi, sai da aka kai wa majalisa ta ɗanɗana. Ƙwaryar ta zaga hannu-hannu. Tamu ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce ko a Jos ba a yin irin wannan. Mai zuwa Makka ya ce ta tuna masa da ta can. A'i ma ta kurɓa ta ce babu laifi, wanda a bakin A'i yabo ne babba. Waliyyu ya zuba a kofin gilashi, ya ajiye kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, ya ja gefe yana gyara zaman hula ta yadda za ta yi sauƙin fizga.

Fadila ta hango ruwan hoda, idonta ya yi haske. Ta rugo ta ɗauka da hannu biyu, ta yi babbar kurɓa. Ta tsaya. Sai ta feso ta waje, ta fashe da kuka.

"Mama, miya aka zuba a ciki!"

Waliyyu ya ɗauki kofin ya kurɓa. Madara, sukari, ƙamshin kwalba. Ina miya? Ya fita ya zauna a zaure, ransa a ɓace, yana cewa a zuci an dai sangarta yarinya. Yana nan zaune ya ji muryar Bushira ta bayan danga, ƙasa-ƙasa, tana magana da A'i.

"Inna, ki yi haƙuri, ba laifin madarar ba ne. An yi ta daidai. Tukunyar ce, da rariyar, da ludayin, da wuƙar." Ta ƙara rage murya. "Da hannun Baba. Komai na gidan nan albasa yake yi, Inna. Ku kun saba ne."

Ya ji A'i tana shinshina ludayi. "Ni ban ji komi ba."

"Shi ne ai, Inna."

Waliyyu ya ɗaga hannunsa ya kai hanci. Bai ji komai ba, kuma wannan rashin jin shi ya tsorata shi. Sai motocin Jega suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, da gilasan da aka sauke, da mai farin tabarau, da kujerar Mas'ud da ta ja baya. Ashe duk shekarun nan ba cikin mutanen birni ke da ciwo ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro, bayan kunyar kuma baƙin ciki, domin albasar nan da ita ya yi aure, da ita ya biya wa wancan na Jos makaranta, ita ce kuma yau ta tsaya tsakaninsa da 'yar wancan ɗin.

Ya fara gwada wanka. Ya cuɗa hannu da toka, da lemon tsami, da sabulun wanki, ya juye kwalbar turare a jiki, ya je ya ce Tamu ya shinshina shi. Tamu ya shinshina da gaske ya ce shi dai bai ji bambanci ba, da ma lafiya lau yake. Ya wuce ta kusa da Fadila don gwaji, ta toshe hanci da hannu biyu maimakon ɗaya. Nan ya gane wari na shekara da shekaru ba ya fita da wankan yini guda, ga Juma'a ta ƙarato.

Ranar Alhamis ya koma Jega. Ya sa aka ba shi sabuwar tukunya, sabon cokali, sabuwar rariya da kofi, ya ce kada a miƙo masa, a ƙulle a leda a rataya a bakin sandarsa. Haka ya shigo Sabiyal a bayan kabu-kabu, sanda a miƙe can gefe, leda tana lilo, yara suna binsa da kallo. Hindu ta juye madara daga ƙwaryarta kai tsaye cikin sabuwar tukunya. Aka hura wuta a kusurwar da ta fi nisa da rudu. Ya hana A'i taɓa komai, ya hana kansa, aka bar wa Bushira aikin. Ya je can bakin zaure, inda iska ke wucewa da warinsa waje, ya zauna ya cusa hannuwa a hammata. Amma fa ba zai bar ba da umarni ba, kuma ba zai yi magana da suruka kai tsaye ba.

"A'i, ce mata ta bari ta tahwasa."

"An ce ki bari ta tahwasa."

"To, Inna."

"Ce mata ɗigo aka sawa, ba a tuttulawa. Wasu ba su san haka ba."

A'i ta juyo ta dube shi tsawon lokaci. "An ce ɗigo."

"To, Inna," in ji Bushira, wadda ta riga ta ɗiga tun ɗazu.

Da madara ta huce, aka ba Fadila cokali ta motsa da kanta, ta ga fari yana komawa ruwan hoda a hannunta. Ta ɗanɗana a tsorace. Ta ƙara. Ta kafa kai ta shanye, ta miƙa kofi a ƙara mata, har ta karɓi ɗan biredi ta haɗa. A'i ta yi hamdala. Waliyyu ma ya yi, sai dai tasa da ɗaci a ciki: madarar ta yi kyau ne don hannunsa bai shiga ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

Sai ya ga 'yan ƙafafu sun tsaya a gabansa. Fadila ce, hannu ɗaya riƙe da kofi, ɗaya toshe da hanci, muryarta tana fita ta ciki.

"Mama ta ce ba a sha a hana babba. Ni na yi. Ka sha."

Ya karɓa a hankali, ya kurɓa. Wallahi bai taɓa sa abu mara kan gado irin wannan a baki ba, kamar maganin tarin yara da aka jiƙa sabulun wanka a ciki. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa da mutunci, fuskar ta ƙi ba shi haɗin kai: ido ya ƙanƙance, gemu ya karkace, ya yi wani irin tari. Fadila ta ƙyalƙyale da dariya har ta manta da hancinta. Da ta ga hannun ya zama ba aiki, sai ta miƙa shi ta fizge hular, ta zura da gudu.

Waliyyu ya miƙe ya kwarara ihun da ya daɗe yana ajiya, ya kuma tabbatar ya juya bakinsa wajen ƙofar gida.

"Ɓarauniya! Jama'a, hulata! Za a kashe ni cikin gidana!"

Ya fita majalisa kai ba hula, dattijo guda, sanƙo yana ƙyalli, ya zauna kusa da Tamu yana huci. Ya ce yaran yanzu ba su da kunya, ya tambaya ko akwai mai sauran alewa, don tasa ta narke a aljihu.

Ba a tafi Juma'a ba. Aka yi hutun duka. Kullum da safe Hindu ta kawo madara, Fadila ta motsa, a kawo wa Kaka nasa kason, ya shanye yana yamutsa fuska, wani lokaci ma har da ƙari don a yi dariya. Sannu a hankali aka daina damuwa da wace tukunya aka ɗora. Yarinya ta fara cin tuwon A'i, ta fara binsa gindin rudu tana taya shi ware ruɓaɓɓu, tana barci a kan babbar rigarsa bayan azahar.

Ranar komawa ya raka su har tashar Jega. Suka shiga mota, Fadila a tsakiya, hular Waliyyu a kanta ta rufe mata kunnuwa. Wata mata mai jakar hannu da ke gefen taga ta shaƙi iska, ta dubi yarinyar, ta matsa, ta sauke gilashi ta tura kai waje. Fadila ta bi ta da kallon tausayi, ta leƙo wajen kakanta.

"Kaka, matar nan ba ta da lafiya ne?"

Bushira ta ja gyale ta rufe baki. Waliyyu, wanda yanzu ya san gaskiyar magana sarai, ya ji wani daɗi ya taso masa har idonsa ya cika da ruwa.

"Mutanen birni na, 'yar gidana," ya ce. "Ba su da lahiyar ciki."

Ya koma Sabiyal a kan kabu-kabu, rana tana dukan sanƙonsa, bai ko sa hannu ya kare ba. Har yau yana nan yana noman albasarsa, kuma in ya shiga motar Jega shi yake fara neman gefen taga ya sauke wa mutane gilashi. Hular tana Jos. An ce Bushira ta wanke ta har ta gaji, a ƙarshe ta rataye ta a igiyar bayan gida, amma kowace yamma sai an iske ta a ƙarƙashin matashin Fadila.